Madubin Saiti Mai Araha da Ƙarko: Yadda Ake Zaɓarsa a Kasuwar Amurka

Idan kaka ta kama a Amurka, daga Satumba zuwa Nuwamba, kantunan kayan farauta cika suke yi maƙil. Lokacin buɗe farautar barewa ke nan a yawancin jihohi, kuma a ƙarshen Nuwamba ake karya farashin kaya. Abin da ya fi ɗaukar ido a kan kanta shi ne madubin saiti, wato bututun nan mai gilashi gaba da baya da ake ɗaura wa bindiga a sama don ya jawo abin harbi kusa. Akwai na dala 40, akwai na dala 3,000. Duka baƙaƙe ne, duka da maɓallan murɗawa, kuma kowane kwali yana rantsuwa cewa ruwa ba ya shiga. Wanda bai san dawan garin ba yakan ɗauki wanda lambobinsa suka fi girma, ya fita yana murna ya yi tsintuwa.

Maganar ta Amurka ce, kuma gara a faɗa tun da wuri. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar wa farar hula wannan fili ba: ko bindigar farauta sai da lasisi, manyan bindigogi irin na soja kuwa haramtattu ne, kuma ɗauri mai tsawo ke jiran wanda aka kama da su. Birtaniya ma tun 1988 ta hana jama'a riƙe bindigar raifil mai ɗura wa kanta harsashi, in ban da ƙanana masu cin harsashin .22. Ko a Amurka kowace jiha da dokarta. Jihar Pennsylvania, alal misali, sai a 2017 ta yarda a yi farautar ƙananan namun daji da irin wannan bindiga, amma ba ta yarda a harbi barewa da ita ba. Saboda haka mai shirin saye ya fara da karanta dokar jiharsa kafin ya karanta kwalin madubi.

Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda a kan madubinta za mu yi magana, ita ce wadda idan ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, sai ƙarfin harbin ya tura sakatar ciki baya, ta tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da ita gaba ta ɗauko sabo. Biyu ne suka fi yawa a hannun masu farauta da masu wasan harbi a can. Ta farko Ruger 10/22, wadda aka fara ƙerawa a 1964, ƙarama marar nauyi mai ɗaukar harsashi goma, da ita ake koya wa yara harbi, da ita ake bin kurege da zomo. Ta biyu dangin AR-15 ce, ƙirar Eugene Stoner ta ƙarshen shekarun 1950, mai cin harsashin .223, wadda manoma ke korar karen daji da aladun jeji da ita, musamman a Texas. Akwai kuma manyan yayyenta masu cin harsashin .308.

Wannan kai-komo na sakata shi ne dalilin da ya sa zaɓen madubi a nan ya bambanta. Bindigar da ake ɗura wa harsashi da hannu sau ɗaya take shuri, baya kawai. Wannan kuwa sau biyu take girgiza abin da ke samanta a kowane harbi: shurin harsashi ya buga baya, sannan sakata ta dawo ta daki gaba. Shurin .223 bai taka kara ya karya ba, na .22 kusan babu, amma mai irin wannan bindiga ba ya harba uku ya koma gida. Da yamma ɗaya a filin gwaji sai ya ƙarar da harsashi ɗari biyu. Ƙaramar girgiza mai yawa, gaba da baya, ita ke kwance kusa, ta sassauta gilashi. A cikin manya kuwa, bindigar SCAR 17 ta kamfanin FN na Beljiyam ta yi suna wajen lalata madubai, har da masu tsada, saboda nauyin ƙarfen da ke kai-komo a cikinta.

Don a gane abin da ke lalacewa, sai a leƙa ciki. Bututun da kake gani a waje rufi ne kawai. A cikinsa akwai wani siririn bututu mai ɗauke da ƙananan gilasai, ƙarshensa ɗaya a kafe, ɗayan yana iya motsi. Maɓallin sama da na gefe, waɗanda ake murɗawa a ji suna ƙas-ƙas, kusoshi ne masu zare da ke tura wannan siririn bututu ƙasa ko gefe. Daga ɗaya ɓangaren kuma wani sifirin ne ke tokare shi don kada ya rabu da bakin kusoshin. Duk saitin bindigarka a kan wannan sifirin yake. Idan ƙarfensa mai laushi ne, bayan an sha harbi zai saki, bututun ciki ya riƙa zama inda ya ga dama. Yau harsashi ya faɗa tsakiya, gobe ya faɗa inci uku hagu, mai bindiga ya yi ta zargin hannunsa. Ba a ganin sifirin nan a kanti, ba a rubuta ingancinsa a kwali, kuma shi ne abu na farko da kamfani ke rage wa kuɗi idan yana son ya cika madubin dala 60 da kayan ƙawa.

To ga abin da nake gani shi ne ginshiƙin sayen madubi mai araha. Kuɗin da kamfani zai kashe a kan madubin dala 150 ƙayyadadde ne. Idan ya ba ka girma har sau 24, da fitila mai launi uku, da maɓallin gefe na daidaita nisa, da murfi mai tsalle, da zobba kyauta a cikin kwali, to daga cikin bututun ya yanko kuɗin. Idan aljihu bai da nauyi, a sayi madubin da ba ya yin abu da yawa.

Lambobin jikin madubi ba su da wuyar karantawa. Idan an rubuta 3-9x40, ana nufin yana ƙara girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, kuma faɗin gilashin gaba milimita 40 ne. Kwaɗayin babbar lamba shi ke kai mutane ga 6-24x50, alhali ƙara girma yana zuwa da haraji uku. Na farko, filin da kake gani yana tsukewa. A yadi 100, madubin 3-9x40 yana nuna faɗin kusan ƙafa 34 idan yana kan 3, ya ragu zuwa kusan ƙafa 13 a kan 9. Wanda ke kan 24 bai kai ƙafa 5 ba. Barewar da ta fito daga kurmi a yadi 40 ba za ta tsaya kana lalubenta a cikin wannan ɗan rami ba. Na biyu, haske yana raguwa. Raba faɗin gilashin gaba da yawan girman, za ka sami kaurin hasken da ke isowa idonka: 40 a raba da 9 ya ba da milimita 4.4, amma 50 a raba da 24 milimita 2 ne da ɗan kaɗan. Ƙwayar idon mutum tana buɗewa har milimita 5 zuwa 7 idan duhu ya fara, kuma da asuba da dab da magariba ne namun daji suka fi fitowa. Na uku, rawar hannunka da bugun zuciyarka su ma ana ƙara musu girma sau 24.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a wane nisa nake harbi da gaske? Harsashin .22 da aka saita a yadi 50 yana faɗuwa kimanin inci 5 zuwa 6 kafin ya kai yadi 100, saboda haka mai Ruger 10/22 aikinsa duka a cikin yadi 75 yake. Madubin 2-7x32 ya ishe shi har ya yi saura, kuma wanda ba ya canza girma, mai tsayawa a sau 4, ya fi kowa ƙarko don babu abin da ke zamewa a cikinsa. Kamfanin Weaver na El Paso ya cika Amurka da irin wannan, samfurin K4, tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma har yau ana samun tsofaffinsu a kan bindigogin kakanni suna aiki. Mai AR-15 da ke harbi daga kusa zuwa yadi 300 ya duba 1-6x24 ko 1-4x24. A kan 1 yana iya buɗe ido biyu ya bi abin da ke gudu, a kan 6 ya ga abin harbi a nesa. Wanda farautarsa ta zama ce, yana jiran barewa a bakin gona, tsohon 3-9x40 bai tsufa ba. Dalili kuwa na kasuwa ne: an ƙera miliyoyinsa, kamfanoni suna gasa a kansa, saboda haka babu wani aji da kuɗi kaɗan ke sayen inganci kamar wannan.

Akwai wani ruɗin ido da masu ƙaramar bindiga ke faɗawa ba su sani ba. Kafa bindiga a kan buhun yashi, ka saita zaren madubi, wato layukan saiti da ke cikinsa, a kan alama, sannan ka motsa kanka kaɗan hagu da dama ba tare da ka taɓa bindigar ba. Idan zaren ya yi kamar yana yawo a kan alamar, to nisan da aka daidaita madubin a masana'anta bai yi daidai da nisan da kake harbi ba. Yawancin madubai na manyan harsasai an daidaita su a yadi 100. Waɗanda aka yi wa .22 kuwa, masu kalmar Rimfire a cikin sunansu, an daidaita su a yadi 50 ko 60. Mai 10/22 ya nemi wannan kalma. Kan kurege ƙarami ne, kuskuren rabin inci ya isa ya sa a koma gida da jaka wayam.

Zaren saiti, wato layukan da ke gilmawa a cikin madubi, shi ma an cika shi da ado a zamanin nan. Leupold ne ya fito da samfurin Duplex a 1962: layuka huɗu masu kauri daga gefe, su sirance a tsakiya. Ido yana bin kaurin ya faɗa tsakiya da kansa, ko da haske ya yi ƙasa, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ga mafarauci ba. Akwai masu ɗige-ɗige a ƙasan tsakiya, ana rubuta musu BDC, waɗanda aka ce kowane ɗigo yana nuna inda harsashi zai faɗa a yadi 200, 300, 400. Suna da amfani, da sharaɗi biyu. An lissafa su ne da wani nauyin harsashi da wani tsawon bututun bindiga, naka kuma zai iya bambanta. Sannan a yawancin madubai masu araha zaren yana bayan gilasan ƙara girma ne, girmansa ba ya canzawa idan ka murɗa, saboda haka ɗigogin ba sa faɗin gaskiya sai madubin yana kan girmansa na ƙarshe. Wanda ya bar shi a kan 4 ya yi amfani da ɗigon da aka lissafa a kan 9, ya harbi iska. Abin da ya fi ɗigogi muhimmanci ga mai bindiga mai girgiza shi ne yadda aka yi zaren. Wani siririyar waya ce aka ɗaura, wani kuma zane ne aka sassaƙa a jikin gilashi. Waya tana tsinkewa, zane ba ya tsinkewa. Fitilar zare kuma, mai cin batirin CR2032, tana taimako a kan 1-6x24 idan abin harbi baƙi ne a cikin inuwa. A kan 3-9x40 mai araha, ka bar musu fitilarsu.

Batun ruwa da raɓa yana da tarihi. Labarin da kamfanin Leupold na jihar Oregon ke bayarwa shi ne, Marcus Leupold ya rasa barewa a farauta domin madubinsa ya yi gumi daga ciki, haushin wannan ya sa kamfanin, wanda tun 1907 kayan awon ƙasa yake yi, ya fito da madubinsa na farko a 1947. Kafin shekarun 1940 su ƙare sun fara zuƙe iskar ciki suna cika bututun da iskar naitirojin, wadda ba ta ɗauke da laima. Yau kowane madubin kirki haka ake yinsa, da naitirojin ko argon, a toshe mahaɗansa da zobban roba. A jihohin arewa irin Wisconsin da Michigan, inda ake fita daga mota mai ɗumi a shiga sanyin ƙanƙara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gilashin kuma ana shafa masa wani siririn sinadari don kada haske ya riƙa komawa baya. A nemi wanda aka shafa wa kowane gilashi, kowace fuska, shafi a kan shafi. Ana taƙaita shi da haruffan FMC. Bututun ya zama guda ɗaya na alminiyam, ba haɗi biyu ba. Kaurinsa, inci 1 ko milimita 30, ba ya ƙara haske kamar yadda wasu masu kanti ke faɗa. Abin da mai kauri ke bayarwa shi ne ƙarin filin murɗa saiti, abin da mai harbi cikin yadi 300 ba ya buƙata.

Tunda ba a ganin ciki, shaidar da ta rage ita ce garanti. Kamfanin da ya yarda zai gyara ko ya musanya madubinsa har abada ya riga ya yi lissafin cewa kaɗan ne za su dawo. Vortex na Wisconsin yana ba da garantin da ba ya neman rasit, yana bin madubin ko ya canza hannu, kuma yana karɓar wanda mai shi ya fasa bisa tsautsayi. Leupold da Burris na Colorado su ma suna da garanti na tsawon rai. A cikin abin da bai wuce dala 150 zuwa 350 ba, sunayen da suka daɗe a bakin mafarauta su ne Crossfire II da Diamondback na Vortex, VX-Freedom na Leupold, da dangin Fullfield na Burris. A ajin 1-6x24 kuma akwai Strike Eagle na Vortex da SLx na kamfanin Primary Arms da ke Houston. Yawancin masu arahar a Sin ake yin su, na tsakiya a Filifin, manya a Japan, Leupold kuma a Beaverton yake haɗa nasa. Sunan ƙasa kaɗai ba hukunci ba ne. Wanda ya sa ido a kan masana'antar, kuma ya ɗauki nauyin abin da ta fitar, shi ne abin dubawa. A tuna kuma garanti yana tafiya ne da ran sana'ar: Nikon, da ya yi shekaru yana sayar da madubai masu kyau da araha, ya daina yin su. Sannan akwai jabu. Leupold ya sha gargaɗin jama'a a kan kwaikwayon kayansa da ake sayarwa a intanet. Idan ka ga madubin dala 1,000 ana ba da shi a 120, araha ba ta ado.

A kanti, kada ka tsaya kallon kayan da ke rataye a bango mai fitila, kowane gilashi kyau yake yi a nan. Roƙi mai kanti ya bari ka leƙa ta taga, ka nemi wuri mai inuwa, ƙarƙashin mota ko cikin ganyen bishiya. Dubi gefen hoton, ba tsakiya kaɗai ba: idan gefen ya yi dishi-dishi, ko bakin abubuwa ya yi shuɗi da rawaya, ajiye shi. Murɗa zoben ƙara girma daga farko zuwa ƙarshe, ya tafi sumul da ɗan tauri, ba tare da ka ji kamar yashi a ciki ba. Cire murfin maɓalli ka murɗa: kowane ƙas ya fito sarai a kunne da a yatsa. Wanda ke tafiya laɓo-laɓo kamar an murɗa tuwo, cikinsa ma haka yake. Sai ka kai shi girmansa na ƙarshe, ka matso da shi ka janye daga idonka, ka ga tazarar da hoton ke cika. Ana son inci 3 da rabi zuwa 4. Mai gajeriyar tazara a kan .308 zai sare maka gira, kuma tabon nan mai kamar jinjirin wata sananne ne a filayen harbi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Mutum zai kashe dala 300 a madubi, ya ɗaure shi da zobban dala 12. Mafi yawan madubin da ake cewa ya lalace lafiyarsa ƙalau, mazauninsa ne ke motsi. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don mazauni. A saman AR-15 akwai dogon ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny, sunan wata ma'aikatar makamai ta sojan Amurka a New Jersey, wanda aka tsayar da ma'auninsa a 1995. Ya yi kama da tsohon samfurin Weaver, amma tsagarsa ta fi faɗi. Zoben Weaver yakan hau Picatinny, na Picatinny kuwa sau da yawa ba ya shiga tsagar Weaver. Gindin AR-15 a miƙe yake da bututunta, don haka madubi yana buƙatar tsayin kusan inci ɗaya da rabi kafin ido ya same shi, kuma yana buƙatar a tura shi gaba. Maganin wannan shi ne mazauni guda ɗaya mai wuya a miƙe gaba. A ɗaure shi gaba ɗaya a kan gangar jikin bindigar. Kada ƙafa ɗaya ta hau gangar jiki ɗaya ta hau mariƙin gaba, domin mariƙin yana ɗan lanƙwasa idan an jingina shi, saiti kuma ya tafi da shi.

Ita 10/22 akasin haka take. Gindinta an yi shi ne don ƙaramin saitin ƙarfe na asali, saboda haka zobba gajeru ake so, in ba haka ba kumatunka zai rabu da katako kana leƙe a sama. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar gilashin gaba mai milimita 32. Gangar jikinta alminiyam ce mai ramukan kusa huɗu. Wanda ya matsa da ƙarfin tuwo zai cinye zaren ramin, wanda kuma ya sa kusa mai tsawo za ta leƙa ciki ta riƙe sakata.

Wajen ɗaurawa, fara da tabbatar da cewa babu harsashi a bindigar, ka cire gidan harsashi, ka duba ciki da idonka. Goge mai daga kusoshi da ramuka. Kafin ka matse mazauni, tura shi gaba har ya tokari bakin tsaga, domin shuri can zai kai shi ko ka ƙi. Ɗora madubin a zobba sako-sako, kai shi girmansa na ƙarshe, sa rigar sanyin da za ka fita farauta da ita, rufe ido, ɗaga bindigar kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe. Idan sai ka miƙa wuya ko ka janye kai kafin hoto ya cika, madubin za ka matsar, ba kanka ba. Rataye zare mai nauyi a ƙarshe daga nesa, ka daidaita layin tsaye na madubin da shi. Sai ka matse kusoshin zobba kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan, har ratar gefe biyu ta zo ɗaya. Kamfanoni da dama suna cewa kada a wuce ma'aunin inci-fam 15 zuwa 18 a kan waɗannan kusoshi, kuma akwai sukurudireba mai awo da ake sayarwa don wannan aiki. Matsi fiye da kima yana danne bututun waje har ya riƙe na ciki, sai ka murɗa maɓalli saiti ya ƙi tafiya. Ga mai irin wannan bindiga akwai ƙarin abin lura: kwanson da take tofarwa ta dama kada ya riƙa dukan maɓallin gefe. Idan ka ga ɗigon tagulla a jikin maɓallin bayan harbi, matsar da madubin ko ka canza tsayin zobba. A ƙarshe, kalli farin bango ko sararin sama, nesa da rana, ka murɗa gilashin baya har zaren ya fito baƙi ƙirin da kallo ɗaya. Kallo ɗaya nake nufi, don idan ka daɗe ido zai gyara da kansa ya yaudare ka.

A filin gwaji fara daga yadi 25 da babbar takarda. A yawancin waɗannan madubai an rubuta 1/4 MOA a kan maɓalli, ma'ana ƙas huɗu suna matsar da harsashi kusan inci 1 a yadi 100. A yadi 50 sai ƙas takwas, a yadi 25 sai goma sha shida. Nan mutane ke rikicewa, su murɗa huɗu a yadi 25 su ce madubi ba ya aiki. Harba uku, ka auna daga tsakiyar ukun, kada ka bi harsashi ɗaya-ɗaya. Idan ka samu tsakiya, koma yadi 50 ga .22, yadi 50 ko 100 ga .223.

Daga nan sai jarrabawar da za ta nuna maka sifirin da ba ka gani a kanti ba. A yadi 50, kana saita zaren a kan ɗigo ɗaya tak daga farko har ƙarshe, harba uku. Murɗa ƙas 24 sama, harba uku. Murɗa 24 dama, harba uku. Sai 24 ƙasa, harba uku, sannan 24 hagu, harba ukun ƙarshe. Madubin kirki zai zana maka murabba'i mai kusan inci 3 kowane gefe, kuma ukun ƙarshe su faɗa kan ukun farko. Idan murabba'in ya karkace, ko na ƙarshe suka sauka wani wuri, sake duba kusoshi; idan suna nan daram, madubin ne. Gwada kuma harbi a ƙaramin girma da babba ka ga ko wurin faɗuwa ya canza. A gida, cire shi ka sa a firji na ɗan lokaci ka fito da shi. Gumin waje ba laifi ba ne, yatsa zai goge shi. Gumin da ke ciki, wanda yatsa ba ya kaiwa, shi ne shaidar cewa iska tana shiga. Duk wannan a yi shi cikin kwanakin da kanti ke karɓar kayan da aka mayar, ba ana gobe buɗe farauta ba.

Abu ɗaya da ake nanata wa kowa a ajin koyar da mafarauta, wanda jihohi da yawa suka wajabta kafin a ba da lasisi: madubin saiti ba na leƙe ba ne. Idan wani abu ya motsa a cikin kurmi, da tabaran hangen nesa na hannu ake duba shi. Duk abin da ka kalla ta madubin bindiga, bakin bindiga ka nuna masa, kuma mai motsin zai iya zama wani mafaraucin ne.

Ga ɗan'uwan da ke zaune a can kuma, wanda zai iya tunanin kai wa wani tsaraba: madubin saiti yana cikin kayan da gwamnatin Amurka ke sa wa ido wajen fita da su, kuma zuwa yawancin ƙasashe sai da lasisin Ma'aikatar Kasuwanci. Kada ka sa shi a akwatin tafiya, kada kuma ka karɓi saƙonsa daga hannun kowa.